Jawabin Magatakardan Limam Game da Masaukin Marasa Makwanci



Muna gode wa Allah Maɗaukakin Sarki da ya nuna mana wannan rana muna da rai da lafiya. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi sawunsu har zuwa ranar sakamako.

Mai girma Hakimi, ranka ya daɗe. Allah ya gafarta Malam Limam da na'ibansa da sauran malamanmu. Dagatai da masu unguwanni, shugaban kwamitin gini da 'yan kwamitinsa, attajirai da ma'aikata, iyayenmu mata da ke can cikin rumfa, da manyan baƙi waɗanda suka taso daga nesa, ina yi muku barka da zuwa, Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Bayan haka, maganar falalar gina masallaci malamai sun riga sun yi ta tun da hantsi, ni kuwa ban isa in ƙara kome a kan abin da suka faɗa ba. Abin da Limam ya umurce ni da shi, shi ne in yi wa jama'a bayani a kan kusurwar filin nan ta arewa, wadda aka bari fili a jikin taswira ba a rubuta mata suna ba. Har yanzu kwamiti bai yanke shawara a kanta ba. Wasu suna son a jera shaguna a ciki, wasu suna son a bar ta don ajiye motoci ranar Juma'a, Limam kuwa yana son a gina masauki domin mutanen da dare ke riska ba su da inda za su sa haƙarƙarinsu. Ra'ayina yana tare da na Limam, ba zan ɓoye ba, amma zan kawo hujja, kowa ya auna da hankalinsa.

Duk wanda ya saba fitowa sallar asuba da wuri ya san mutanen da nake nufi. Yana tsallake su a rumfunan kasuwa, da tasha, da gindin gada, da kangayen da ba a ƙarasa ba. Akwai ɗan ci-rani wanda ya zo neman kuɗin taki, yana dako ko ga-ruwa, ba ya iya biyan haya. Akwai ɗan jinya da ya kawo mahaifiyarsa asibiti daga ƙauye, guzuri ya ƙare kafin a sallame ta. Akwai wanda aka sako daga gidan yari, kunya ta hana shi komawa garinsu. Akwai tsohon da 'ya'yansa suka riga shi, da matar da aka saka da dare, gidan iyayenta kuwa tafiyar yini ce, da mai taɓin hankali, da iyalin da 'yan bindiga suka tasa daga ƙauyensu. A da, irin waɗannan mutane masallaci suke nufa. Yanzu galibin masallatanmu ana garƙame su bayan Isha'i saboda ɓarayin lasifika da batir da agogon bango, kuma ba na ganin laifin ladanai a kan haka. Sai dai ƙofar da muka rufe wa ɓarawo, ita muka rufe wa baƙo, ba mu kuwa buɗe masa wata ba.

Mu koma ga asali. Yayin da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi ƙaura zuwa Madina a shekarar 622, ya gina masallacinsa yana fuskantar Baitul Muƙaddas, watau arewa. Bayan wata 16 ko 17 aka juyar da alƙibla zuwa Ka'aba, sai bangon tsohuwar alƙibla ya koma bayan masallaci. Nan aka yi rumfa da ganyen dabino, ita ce ake kira Suffa, ta zama makwancin waɗanda suka zo Madina ba su da dangi, ba su da dukiya, ba su da gida. Yawansu yakan ƙaru yakan ragu. Abu Huraira, Allah ya yarda da shi, wanda ya iso a shekara ta 7 bayan Hijira ya zauna a cikinsu, ya ba da labarin cewa ya ga mutum 70 daga cikinsu, babu ko ɗaya mai cikakken mayafi.

Abin lura a nan shi ne yadda aka tafiyar da al'amarin, domin ba a bar shi ga wanda ya ga dama kawai ba. Masu gonakin dabino daga cikin Ansaru sukan kawo zangarniya su rataye a masallaci, mai jin yunwa ya zo ya kaɗa ya ci, ba tare da ya miƙa wa kowa hannu ba. In dare ya yi, Annabi yakan rarraba su ga magidanta, mai abincin mutum biyu ya tafi da na uku, mai na huɗu ya ƙara da na biyar. An ruwaito daren da Sayyidina Abubakar ya tafi da uku, Annabi da kansa ya tafi da goma. Da Nana Faɗimatu ta zo neman a ba ta mai taimaka mata da aikin gida, hannunta ya yi kanta saboda niƙa, yunwar mutanen Suffa aka gabatar a kan bukatarta. Har ila yau akwai wata baiwa da aka 'yanta wadda aka kafa wa ɗan tanti a cikin masallacin, Nana A'isha ta ba da labarinta. Akwai kuma tantin Rufaida, inda aka yi jinyar Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Handak. Ashe ke nan masallacin farko na Madina ya haɗa makwanci da ciyarwa da jinya, kuma bai manta da mata ba.

Ba a Suffa suka dawwama ba. Wanda ya sami sana'a ko ya yi aure sai ya tashi ya ba wani wuri. Shi Abu Huraira da ya taɓa faɗuwa tsakanin mumbari da ɗakin Nana A'isha saboda yunwa, har mai wucewa ya zaci farfaɗiya ce, shi ne Sayyidina Umaru ya naɗa gwamnan Bahrain daga baya.

Mai tambaya zai ce, to, me zai hana a bar su su kwana cikin masallacin kansa? Malamanmu na Malikiyya sun yi maganar. A cikin Muhtasar an halatta barcin ƙailula a masallaci, an kuma halatta saukar da baƙi a masallacin ƙauye, inda babu wani wurin. Masallacin birni kuwa hukuncinsa ya bambanta, don a tsare shi daga ƙazanta da hayaniya. Saboda haka ne ake son gini na dabam a gefe, mai ƙofarsa da bayan-gidansa.

Mu ma a ƙasar nan ba baƙon abu ba ne gare mu. Tun a tsakiyar ƙarni na 13, zamanin Mai Dunama Dabbalemi, mutanen Kanem suka ba da dukiya aka gina makarantar Ibn Rashiƙ a Alƙahira, inda ɗalibansu da alhazansu ke sauka. Kakanninmu fatake sun kafa zango a kan hanyar Gwanja, har yau sunan yana nan a Kumasi da Ankara. Kowane babban gida yana da zaure, kuma ba don ado aka yi shi ba, baƙo na iya shimfiɗa buzunsa a ciki, a fito masa da tuwo kafin a tambaye shi daga ina. Amma ku dubi gidajen da muke ginawa yau. Katanga ce doguwa, da ƙofar ƙarfe, da waya mai ƙaya a sama. Wurin da zaure yake a da, nan mota ke kwana. Nauyin da gidaje ɗari suke ɗauka kowa da ɗan nasa, yanzu babu mai ɗauka, sai fa in jama'a sun haɗu sun kafa wani abu da zai tsaya a madadin zaure. Abin da ƙungiyoyin sa-kai masu masaukai suke yi ke nan, watau ƙungiyoyin da ba gwamnati ta kafa su ba, ba kuma riba suke nema ba.

Mun ga amfaninsu da idonmu a wannan zamani. A ƙarshen watan Oktoba na 2014, da 'yan Boko Haram suka kama Mubi, jama'a suka kwararo Yola har aka ce yawan mutanen garin ya ninka. Sansanonin gwamnati kaɗan suka ɗauka, mafi yawa a gidajen mutane da makarantu da wuraren ibada suka sauka. Malaman Musulmi da shugabannin Kirista, tare da Jami'ar Amurka ta Nijeriya da ke Yola, suka haɗa kai suka dinga rabon hatsi wata da watanni. Bishop Stephen Dami Mamza ya buɗe harabar majami'ar Saint Theresa ga dubban mutane, bai tambayi addinin kowa ba. Da ƙura ta lafa mafi yawa suka koma, sai aka sami ragowar iyalai waɗanda garuruwansu ba su komuwa. Sun zauna a harabar nan shekara da shekaru, sai a watan Afrilu na 2021 aka buɗe musu gidaje 86 a Sangere Marghi cikin ƙaramar hukumar Girei, da makaranta, da majami'a, da masallaci domin Musulmin da ke cikinsu. Na kawo wannan a gaban malamai da gangan. Idan wanda ba Musulmi ba ya gina wa Musulmi marasa gida masallaci, mu da muke aza harsashin masallaci yau, da wane ido za mu dubi wanda ke kwance a bakin ƙofarsa? Kuma ku lissafa, daga 2014 zuwa 2021 kusan shekara bakwai ce. Wanda zai buɗe masauki kada ya yi shirin kwana uku.

Namu ma sun yi abin a yaba. Malam Abubakar Abdullahi, limamin ƙauyen Nghar da ke Barikin Ladi, ya ɓoye mutum 262, galibinsu Kirista, a cikin masallacinsa da gidansa ranar 23 ga Yuni, 2018, ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi miƙa su. Haka kuma da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya ci Maiduguri a watan Satumba na 2024, makwabta da matasan unguwa ne suka fara ɗora tukunya kafin motocin agaji su iso.

Amma wanda ya fi nuna yadda ake riƙe irin wannan aiki yau da gobe, ba sai bala'i ya sauka ba, shi ne Abdus Sattar Edhi na ƙasar Pakistan. Ya yi ƙaura zuwa Karachi a 1947 yana saurayi, ya fara da ɗan ɗakin shan magani guda a wata tsohuwar unguwa. Kafin ya rasu ranar 8 ga Yuli, 2016, gidauniyarsa tana da gidajen tsofaffi, da na marayu, da na matan da aka kora, da na masu taɓin hankali, ga motocin ɗaukar marasa lafiya a duk faɗin ƙasar. Gawar da ba ta da mai ita, su ke wanke ta su yi mata sutura. A ƙofar ofisoshinsu akwai gadon jarirai, domin wadda ta rasa yadda za ta yi da jaririnta ta ajiye shi nan maimakon juji, kuma matarsa Bilkisu, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ita ta riƙe wannan sashe har ta rasu a 2022. Ya ƙi dogara da kuɗin gwamnati. Yakan zauna a bakin titi da kansa, talakawa suna ajiye masa abin da ya sawwaƙa. Me ya sa suka amince masa? Domin sun ga ɗakin da yake kwana, sun ga rigar da ke wuyansa, ba su ga ya gina wa kansa bene ba.

To, me masauki yake yi wa mutum? Mutane sukan zaci tabarma ce da bargo kawai. Lalle kam a tsakiyar hunturu bargo ba ƙaramin abu ba ne, amma tambayi ɗan dako abin da ya fi damunsa, zai ce maka wurin ajiya. Mai kwana a waje ba ya barci sosai, kuɗinsa na ɗaure a cinyarsa, takalminsa shi ne matashin kansa, abin da ya tara a mako guda yakan tafi a dare ɗaya. Akwati mai kwaɗo da amintaccen ma'aji su ne farkon jarinsa. Bayan wannan sai ruwa da makewayi, don ba mai ɗaukar mutum aiki yana warin kwana bakwai. Sa'an nan adireshi. Yau ba a buɗe asusun banki ko a yi rajistar layin waya sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, mai neman aikin gadi kuma sai an ce ya kawo wanda zai tsaya masa. Mutumin da aka san inda yake kwana, aka san halinsa wata biyu, shi ake iya tsaya wa.

Aiki mafi girma kuwa da baki ake yinsa. Dattijon da ke kula da masaukin ya zauna da baƙo, ya ji abin da ya fito da shi. Da yawa daga cikinsu suna da gida, abin da ya raba su da shi bashi ne, ko faɗa da uba, ko kuɗin mota da bai taka kara ya karya ba. A aika wa dagacin garinsu, a nemi Sarkin tasha ya sa shi a mota, a yi sulhu. Mai tarin da ya wuce mako biyu a raka shi asibiti a gwada, don maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati, kuma barinsa cikin ɗaki ɗaya da jama'a haɗari ne. Saboda wannan, da kuma sanƙarau na lokacin bazara, nake roƙon mai zanen gini ya yalwata tagogi, kada a yi mana kurkuku don tsimin bulo.

Mutanen ƙasar Finland sun kai ga wani abu da ya kamata mu sani. Sun ga cewa mutum yakan shekara goma yana zagaye daga wannan masauki zuwa wancan bai fita daga halin ba. Daga 2008 sai suka juya tsarin, a fara ba shi ɗakinsa na haya da makulli a hannunsa, kana a bi shi da magani da neman aiki. Wata ƙungiyar sa-kai mai suna Y-Foundation, wadda aka kafa a 1985, ita ta dinga sayen gidaje tana ba su haya mai sauƙi. Marasa gida a ƙasar sun kai kimanin 18,000 a 1987, a 2023 kuwa ba su kai 4,000 ba. Ba mu da arzikinsu, amma muna da masu gidajen haya a cikin wannan taro, kuma wanda kwamiti ya biya wa hayar wata uku ya tsaya masa, ya bar wa wani tabarmarsa.

Yanzu sai abin da ake tsoro. Wani dattijo mai mutunci ya ce da ni, wannan abu zai tara mana malalata da ɓatagari a unguwa. Maganarsa abin dubawa ce, kuma ban ɗauke ta rowa ba. Amsata ita ce, mutanen nan suna cikin unguwar tun yanzu, a cikin duhu, ba wanda ya san sunansu. A masauki kuwa akwai littafi, a rubuta sunan mutum da garinsu da ranar da ya zo, mai unguwa ya gani, 'yan sanda su gani in sun bukata. Akwai lokacin rufe ƙofa, ba a shiga da makami ko kayan maye, kuma kowane mai lafiya yana da aikin da zai yi, ko shara ko ɗiban ruwa.

Akwai wani tsoron da ya fi wannan, shi ne kada mu da kanmu mu zama azzalumai. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutane fiye da 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa, jikinsu duk tabo. Bayan 'yan makonni aka sami irinsa a Daura. Da sunan gyaran hali aka buɗe waɗannan wurare, kuma iyaye da hannunsu suka kai 'ya'yansu. Lalle ne a rubuta a cikin ƙa'idar masaukinmu tun yau cewa babu mari, babu bulala, babu wanda za a tsare ba da son ransa ba. Mai taɓin hankali asibiti za a kai shi, ga Dawanau a Kano, ga Kware a Sakkwato, ga Barnawa a Kaduna, mu ba likitoci ba ne. Yaron da aka tsinta ba a riƙe shi a cikin manya, a sanar da ofishin jin daɗin jama'a a nemi iyayensa ko malaminsa. Sashen mata kuwa ya zama da katangarsa da ƙofarsa, makullin yana hannun dattijuwa, kuma iyayenmu mata su zaɓe ta da kansu, don ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Saura maganar kuɗi, wadda a kanta ne irin wannan aiki yakan mutu. Ginin ba shi ne mai wuya ba, ranar buɗewa kowa zai zo da babbar riga. Mai wuya shi ne buhun gero na wata na goma sha uku, da albashin maigadi, da kuɗin yashe masai. Zakka ba ta gina bango a mazhabarmu, hakkin mutanen da aka ambata ne a aya ta 60 cikin Suratut Tauba, a damƙa musu a hannu, kuma matafiyin da guzuri ya yanke wa yana cikinsu. Gini da hidimar yau da kullum sai da sadaka da hubusi. Asalinsa kuwa gonar Sayyidina Umaru ce ta Haibara, wadda ya tsayar, ba a sayarwa, ba a kyauta da ita, ba a gado, amfaninta yana tafiya ga matalauta da matafiya da baƙi, mai kula da ita kuma ya ci gwargwadon al'ada. A nan ne nake ganin masu son shaguna da Limam ba su saɓa ba. A jera shagunan ta bakin titi, a rubuta hayarsu hubusi ce ga masaukin da ke bayansu. Masu motoci kuwa, sa'a biyu ce a mako, su yi haƙuri da gefen hanya.

Malikiyya sun yi sauƙi a wannan babi, sun yarda mutum ya yi hubusi na ƙayyadadden lokaci. Mai shago a kasuwa yana iya cewa hayar shekara biyar ta masauki ce, bayan nan ya koma ga iyalinsa. Amma akwai sharaɗin da ake yawan mantawa, dole abin ya fita daga hannun mai shi a karɓa tun yana da rai da lafiya. In ya rasu yana riƙe da shi, ya zama gado, kuma mun sha ganin alkawarin da aka yi a bainar jama'a ya ƙare a gaban alƙali. Don haka duk wanda ya yi niyya, a rubuta, shaidu su sa hannu, a miƙa takarda ga amintattu. Su amintattun a yi musu rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni, asusun masauki ya zama dabam da na masallaci, ba a fitar da ko kwabo sai da sa hannun mutum biyu, kuma a liƙa lissafin shiga da fita a jikin allo kowane wata, inda mai ba da naira ɗari zai iya karantawa.

Abin da Limam ke roƙo a yau kaɗan ne. Kada a zuba yashi ko tubali a kusurwar nan har kwamiti ya zauna, kuma a gayyaci mai unguwa da wakilan mata da makwabtan da ke jikin katangar su faɗi albarkacin bakinsu. In an amince, a fara da rijiya da makewayi, tun da magina ma suna bukatarsu, kana ɗakin mata, sa'an nan na maza. Ma'ajin kwamiti yana nan bakin rumfa da littafi dabam domin wannan, wanda zai ba da kuɗi, ko hatsi, ko hayar shago, ko yinin aiki da hannunsa, ya tsaya a rubuta kafin a watse.